Fari, Fara da Yunwa a Katsina Laka: Waiwaye a Kan Musabbabin Bala'o'i a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da dattawan ƙasar Katsina yana tambayarsu shekarunsu ya san ba kasafai suke kawo lissafin Hijira ko na Miladiyya ba. Abin da sukan ce shi ne an haife su ana 'Yar Gusau, ko kuwa sun fara riƙon fartanya shekarar Muda. Wato yunwa ta zama musu turken ƙidayar zamani, kamar yadda sarautar sarakuna ta zama ga marubuta tarihi. Al'ummar da ta raɗa wa kowace yunwa suna ta cancanci a tsaya a tambayi abin da ya jawo mata waɗannan masifu, da dalilin da ya sa wata ta fi wata muni.

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin manyan bala'o'in da suka shafi noma a kudancin Katsina, musamman ƙasar Funtuwa da Malumfashi, tun daga wajejen 1890 zuwa yau. Bala'o'in da muke nufi su ne fari, da ambaliya, da fara da sauran ƙwari, da annobar dabbobi da ta shuka. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa kowane bala'i yana da sababi iri biyu. Akwai wanda ke saukowa daga sama, wanda manomi ba shi da iko a kansa. Akwai kuma wanda ake ƙullawa a ƙasa, wato halin da rumbu da kasuwa da hukuma suke ciki ranar da masifar ta iso. Na farko shi ke rage amfanin gona, na biyu kuwa shi ke yanke hukuncin wanda zai kwana da yunwa.

Ba mu manta ba cewa masu sauraronmu Musulmi ne akasari, kuma mun yi imani da cewa babu abin da ke faruwa sai da ƙaddarawar Allah. Amma binciken sababi bai saɓa wa wannan imani ba. Ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta nuna yadda tanadin shekara bakwai ya tserar da Masar. Haka kuma a shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya afka wa Hijaz, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya yi roƙon ruwa, ya kuma aika wa gwamnoninsa su turo abinci, ya jinkirta karɓar zakka.

Katsina Laka da Matsayinta

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu san ƙasar da muke magana a kanta. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya bambanta yankin kudu da na arewa, ya kira shi da sunan da mutanen ƙasar suka san shi da shi, wato Katsina Laka. Sunan ya samo asali daga irin ƙasar wurin, mai nauyi da riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewa mai rairayi. A nan ne tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki suka bunƙasa da noman dawa da auduga da baba, da saƙa da rini. A yau yankin ya ƙunshi Funtuwa, mazaunin Sarkin Maska, da Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ƙanƙara da Faskari da Ɗandume da Sabuwa.

Ruwan da ake samu a wajejen Funtuwa yakan kai milimita 1,000 ko ya ɗara a shekara, damina kuma takan ɗauki daga watan Mayu zuwa Oktoba. A birnin Katsina da Daura kuwa ruwan bai kai haka ba, damina takan makara ta kuma riga ɗaukewa. Yankin tudu ne, daga kusa da Funtuwa ne ma Gulbin Sakkwato ya faro. Wannan bambanci shi ya ba Katsina Laka matsayi biyu a tarihi: ita ce rumbun arewa a shekarar wadata, ita ce kuma mafakarta a shekarar wahala. Sai dai matsayin yana da nasa haɗari. Idan fari ya ƙone geron Kaita da Jibiya da Maraɗi, dawar Bakori ce za a loda wa jakuna, ko a yau manyan motoci, a yi arewa da ita. Saboda haka talakan kudu yakan sha tsadar farin da bai sauka a gonarsa ba. Wannan ita ce gaɓar da muke roƙon a riƙe a duk tsawon wannan bayani.

Me Ke Kawo Fari?

Damina a ƙasar Hausa ta dogara ne ga karon iskoki biyu. Ɗaya busasshiya ce mai fitowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ce iskar hunturu. Ɗayar kuwa mai laima ce, tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Magamar waɗannan iskoki tana tafiya arewa daga bazara, ta kai iyakarta can cikin ƙasar Nijar a watan Agusta, sannan ta juyo. Ruwa yana zuba ne a kudu da wannan magama. Shekarar da ta yi nisa arewa ta kuma daɗe, an sami damina mai albarka. Shekarar da ta gaza, garuruwan arewa su ke fara ji a jika, sannan abin ya gangaro kudu gwargwadon tsananinsa.

To, me ke hana ta nisa? An daɗe ana ɗora laifin a kan manomi da makiyayi. Wani masanin daji Baturen Ingila, E. P. Stebbing, ya zagaya arewacin Nijeriya a 1934, ya koma ya yi shelar cewa Sahara tana cinye ƙasar saboda sare itatuwa da ƙunar daji da kiwo. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da aka tura ta bincika a 1936 zuwa 1937 ba ta sami shaidar cewa hamada tana matsowa ba, amma ra'ayin bai mutu ba. A 1975 wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya ba shi sabon ƙarfi, inda ya ce ƙasar da dabbobi suka tsiraita takan mayar da hasken rana sama, iskar da ke bisanta ta riƙa sauka maimakon ta hau ta zama hadari. Da irin wannan fahimta aka je taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977.

Binciken da ya biyo baya ya sauya wannan hoto ƙwarai. A 1986 Folland da Palmer da Parker sun nuna cewa shekarun fari a yankin Sahel suna tafiya tare da yanayin zafin ruwan tekunan duniya: idan arewacin Atlantika ya yi sanyi, kudancinsa da Tekun Indiya suka yi ɗumi, magamar iskokin takan tsaya kudu. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta sun ƙarfafa wannan da lissafin kwamfuta, suka nuna cewa zafin teku kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan raguwar ruwan da aka gani daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar na 1980. Wasu masanan sun ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai ɗauke da sinadarin farar wuta, yana cikin abubuwan da suka sanyaya arewacin tekun a wancan lokaci.

Wannan ba ya nufin sare daji ba shi da illa. Yana kashe ƙarfin ƙasa, yana kawo zaizaya, yana sa ruwan sama ya gudu maimakon ya nutse. Abin da muke cewa shi ne manomin Ƙafur ba shi ne ya kori hadari ba, kuma rashin adalci ne littattafan makarantunmu su ci gaba da koya wa 'ya'yansa haka.

Garkuwar Manomi Kafin Zuwan Turawa

Tun da fari tsohon baƙo ne, Bahaushe ya tanadar masa garkuwa hawa-hawa. Ta farko tana cikin gonar kanta. Manomi yakan haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, domin gero ya nuna da wuri ya kashe yunwar tsakiyar damina, dawa kuma ta ci moriyar ruwan ƙarshe. Yakan raba ƙarfinsa tsakanin tudu da fadama. Binciken da David Norman ya gudanar a ƙauyuka uku na ƙasar Zariya a shekarun 1960, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya tabbatar da cewa wannan haɗe-haɗen shuka, wanda malaman gona na lokacin suke yi wa kallon ci-baya, ya fi shuka iri ɗaya tabbas, bai kuma gaza ta riba ba.

Garkuwa ta biyu ita ce gandu da rumbunsa. Maigida yakan rufe rumbun gandu bayan kaka, samari su tafi cin rani domin a rage baki, ba za a buɗe shi ba sai an koma gona. Dawar da aka adana da zangarniyarta a rumbun ƙasa tana iya shekara biyu ko uku. Ta uku ita ce zumunci da maƙwabtaka, da zakkar hatsi da ake tarawa a hannun masu gari da hakimai, wadda ake sa ran za a fito da ita ranar tsanani. Ta ƙarshe kuwa ita ce daji: tafasa da yaɗiya da rama, da 'ya'yan aduwa da muruci da bado, kai har da tonon gidan tururuwa idan abin ya kai maƙura.

Kada a ɗauka cewa zamanin da aljanna ne. An yi yunwar Banga-Banga a wajejen 1855, kuma yaƙe-yaƙen Katsinawan Maraɗi da daular Sakkwato sun sha tarwatsa ƙauyuka. Akwai ma masifar da garkuwar ba ta san ta ba. A 1887 cutar bushiya ta shigo Afirka ta tashar Massawa ta Eritiriya tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo, ta ratso nahiyar ta iso ƙasar Hausa a wajejen 1890 zuwa 1891, ta kashe mafi yawan shanun ƙasar. Fulani suka sa mata suna Sannu, domin ita ce gaisuwar da ta rage a bakin kowa. Ga manomin Katsina Laka, wanda ke dogara da kwanan shanu a gonarsa da rani don samun taki, mutuwar garke asararsa ce shi ma. Abin lura a nan shi ne annobar da ake gani kamar daga sama ta faɗo, ashe jirgin ruwan 'yan mulkin mallaka ne ya kawo ta.

Daga Kakalaba Zuwa Muda

Turawa sun ci ƙasar Hausa a 1903, kuma cikin shekara goma suka sauya abubuwa biyu da suka shafi rumbu kai tsaye. Na farko, haraji ya koma na tsabar kuɗin Turawa, aka narkar da zakkar hatsi a cikinsa, ana kuma karɓarsa da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Na biyu, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga ciniki a 1912, nan take gyaɗa ta zama abin nema. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta arewacin Katsina ya kuma wallafa littafinsa a 1983, ya kafa hujja da cewa waɗannan sauye-sauye sun raunana tsohuwar garkuwa tun kafin a gina wata a madadinta.

Jarrabawar farko ta zo a 1913. Ruwan da aka auna a Kano a shekarar bai fi rabin na kullum da yawa ba. Bazarar 1914 ta iske rumbuna wayam, ga haraji an biya, ga gonakin da a da ake shuka gero an ba gyaɗa wani sashe nasu. Wannan ita ce Kakalaba, yunwar da ta fi kowace muni a ƙarni na 20 a ƙasar Hausa. Dubban mutane suka mutu, jama'a daga ƙasar Faransi da arewacin Katsina da Daura suka kwararo kudu suna neman abin da za su ci. Agajin da gwamnatin mulkin mallaka ta kawo bai taka kara ya karya ba, ya kuma zo a makare.

Abin da gyaɗa ta zama ga Kano, shi auduga ta zama ga kudancin Katsina. Ƙungiyar BCGA, wadda masu masaƙun Ingila suka kafa a Mancesta a 1902, ta kafa gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, aka yaɗa irin Amurka da ake kira Allen, aka kuma buɗe gonar iri a Daudawa a shekarun 1920. Hanyar jirgin da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929, ita ce ta mayar da Funtuwa babbar kasuwa. Amma manomin yankin bai saki hankalinsa ba. Malaman gona sun yi ta kira a shuka auduga a watan Yuni, shi kuwa ya ƙi, sai ya gama noman hatsinsa a Yuli sannan ya waiwaye ta. An kira wannan taurin kai, alhali lissafi ne na wanda ya san auduga ba ta tuƙuwa.

Farin 1926 ya haifar da 'Yar Buhu a 1927, wadda ta sami sunanta daga hatsin da aka riƙa kawowa a buhuna. Daga ƙarshen shekarun 1920 kuma fara ta taso daga fadamun Kogin Kwara da ke ƙasar Mali ta yau, ta yi shekaru tana kai wa arewacin Nijeriya hari, a daidai lokacin da karyewar tattalin arzikin duniya ta rushe farashin auduga da gyaɗa, haraji kuwa bai sauka daidai da faɗuwarsu ba. 'Yar Gusau ta 1942 zuwa 1943 ta zo ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake ɗibar majiya ƙarfi aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos, ana kuma karɓar hatsi daga lardunan arewa don ciyar da su. Ƙarancin ruwan shekarar bai kai na 1913 ba, amma an cire hannu daga gona, an cire dami daga rumbu.

Muda ta 1953 zuwa 1954 ita ce ta fi dacewa da hujjarmu. Shekarun 1950 su ne mafi yawan ruwa a ƙarnin, kuma ruwan da ya wuce kima ne ya ɓata amfanin gona a daminar 1953. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, tsada ya yi, har mutum ya koma awo mudu-mudu, abin da ake danganta sunan yunwar da shi. Masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya bayyana irin wannan a 1981, inda ya nuna cewa ana iya mutuwa da yunwa alhali abinci na jibge a kasuwa, muddin abin da mutum ya mallaka bai isa ya saye shi ba. Talakan da ya sayar da dawarsa da kaka don haraji da biki, ya dawo ya ci bashin falle da damina, dami ɗaya a biya biyu, ya riga Sen sanin wannan.

Babban Fari da Abin da Ya Biyo Baya

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya, abin ya kai ƙarshe a 1972 da 1973. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙafe har bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba a tsakiyar shekarun 1980. A lokacin Katsina tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ware kuɗin agaji, jaridar New Nigerian ta buɗe asusun taimako a 1973. An yi asarar dabbobi mai yawa, amma mutuwar mutane ba ta kusanci ta Kakalaba ba, ko da yake ruwan 1973 a Kano bai kai na 1913 ba ma. Bambancin shi ne hanyoyin mota, da kuɗin man fetur, da aikin ƙwadago a birane, da hatsin da ya fito daga wurare irin su kudancin Katsina. Wannan kwatanci shi kaɗai ya isa ya nuna cewa yawan ruwa ba shi ke ƙayyade yawan gawa ba.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga kuturtar gyaɗa a 1975, cutar da ƙwaron darɓa ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Daga nan dalar gyaɗa ba ta sake tashi ba. A 1983 da 1984 fari ya dawo, bushiya ma ta dawo a 1983 bayan an yi sakaci da allurar da aka fara tun 1962. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe kan iyaka a 1984, hatsin kudu ya kasa ƙetarawa yadda ya saba, shi ya sa Hausawan Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari.

Amsar da hukuma ta bayar ga babban fari ta sauka ne a kan yankin da muke nazari. A 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, aka gudanar da shi har 1980. Ya game gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 7,500. Shirin ya kawo takin zamani mai rangwame, da ingantaccen iri, da hanyoyin karkara, da ƙananan madatsun ruwa. An yi fatan auduga ta haɓaka, amma abin da ya haɓaka shi ne masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida don gasawa, ta koma babban amfanin sayarwa. Masu suka sun ce shirin ya fifita manyan manoma, kuma a kan irin wannan saɓani ne gwamnatin Alhaji Balarabe Musa, wadda ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979, ta ƙi amincewa da sharuɗɗan bankin na faɗaɗa shi.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda shirin ya sauya fuskar haɗari. Masara ta fi dawa yawan amfani, amma ta fi ta son taki, ba ta kuma jure yankewar ruwa idan ta fara fitar da gemu. Ba ta daɗewa a ajiye kamar dawa, buhu kuma ya fi rumbu saurin kama hanyar kasuwa. Paul Clough, wanda ya zauna a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya bayyana yadda fataken ƙauye ke sayen hatsi da kaka, sau da yawa da jarin manyan 'yan kasuwa, su adana sai ya yi tsada. Ya kuma nuna cewa haƙƙin dangi da na barori bai mutu ba, yana rage wa abin kaifi. Duk da haka, manomin da abincinsa ya rataya a kan buhun taki ya ƙara wa kansa sababin yunwa guda ɗaya, wanda ba ya cikin lissafin kakansa.

Bayan Dawowar Ruwa

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, sai dai ya dawo da sabon hali. Binciken da Christopher Taylor da abokansa suka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982, abin da suka danganta da ƙaruwar zafin Sahara. Ma'anar wannan ga manomi ita ce ruwan mako biyu yana iya zuba a dare ɗaya, sannan a yi kwanaki ba ɗigo. Jihar Katsina ta ga misalinsa a Jibiya a watan Yuli na 2018, inda ambaliya ta kashe mutum fiye da 40 cikin dare. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya. Ƙasar laka, wadda riƙon ruwanta ya zama mata kariya a shekarun fari, ita ce ke saurin jiƙewa ta ruɓar da saiwa idan malka ta yi yawa. Gine-gine a kan hanyar ruwa da toshe magudanu a garuruwa kuwa aikin hannunmu ne.

Ƙwari ma sun sauya. An kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya a 2011, abin da ya nuna cewa annoba tana jin magani idan an dage. Amma a 2016 tsutsar masara 'yar asalin nahiyar Amurka ta ɓulla a Nijeriya, a shekarar kuma tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a jihohin arewa. Duk inda aka shimfiɗa shuka iri ɗaya gona bayan gona, an yi wa irin waɗannan ƙwari shimfiɗa. A kan wannan duka aka sami ta'addancin 'yan bindiga, wanda ya tsananta daga ƙarshen shekarun 2010 ya raba manoma da yawa na Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara da gonakinsu na nesa. Gonar da ba a shuka ba daidai take da wadda fari ya ƙone, illa dai wannan ba a iya ɗora wa teku laifinta.

Kammalawa

Mun ga cewa sababin fari yana can nesa, a zafin tekuna da tafiyar iska, kuma zargin da aka daɗe ana yi wa manomi da makiyayi ya wuce haƙƙinsu. Mun kuma ga cewa a kowace yunwa, daga Kakalaba zuwa El-Buhari, akwai hannun mutum: haraji a lokacin da bai dace ba, aikin tilas, karɓar hatsi, tsadar kasuwa, rufe iyaka. Katsina Laka ta tsira daga mafi munin waɗannan masifu saboda ruwanta da ƙasarta, ta kuma ɗauki nauyin maƙwabtanta. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko za ta iya sake ɗaukar wannan nauyi idan irin farin 1973 ya dawo, alhali jama'a sun ninka, daji ya ƙare, gandu ya watse, rumbu kuma ya koma buhu.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, sassan Tarihi da Hausa na kwalejojinmu su tura ɗalibai su ɗauko bayanin Muda da farin 1973 daga bakin waɗanda suka gani, gari-gari, domin masu wannan sani suna ƙarewa. Ta biyu, a sa ma'aunin ruwan sama a makarantun yankin, malamai da ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya zuba kullum, domin aikin ba shi da tsada, kuma da shi ne za a san halin daminar kowace gunduma. Ta uku, ƙananan hukumomi da masu unguwanni su farfaɗo da rumbun tsimi na gari, a saya da kaka a kan farashin da ba zai cuci manomi ba, a fitar a watan Yuli da Agusta lokacin da talaka ke shiga hannun mai falle, a kuma ƙarfafa wa manoma gwiwa kada su yar da dawa da gero saboda masara.

Malaman da muke horarwa su ne za su tsaya gaban 'ya'yan manoman Bakori da Ƙafur su bayyana musu abin da ke kawo fari da yunwa. Wajibi ne mu ba su bayanin da ya haɗa sababin sama da na ƙasa, domin na biyun ne ke hannunmu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu da sake raɗa wa wata shekara suna.